Inji na Huɗu

Da safiyar Alhamis, ƙarfe tara da 'yan mintuna, Radiyya ta maƙala wayoyin na'urar awo a jikin inji na huɗu ta danna. Abin da ta gani ya sa ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta sake dannawa. Ukun farko duk sun ba ta lamba mai kyau, alamar naɗin tagullar cikinsu a bushe yake, lantarki ba zai zurare ba. Wannan kuwa kusan sifili ya nuna.

Injinan lantarki ne guda shida, shuɗaye, sababbi dal, kowanne ya kusa tan ɗaya. Tun Janairu aka sauke su a tashar jiragen ruwa aka kawo su ajiya magazan ɗin Alhaji Musbahu, wato babban ɗakin ajiyar kaya da ke unguwar Treichville a Abidjan, domin masana'antar casar shinkafar da ta saye su ba ta gama gini ba. An shirya sai Oktoba za a ɗauka, kwatsam ranar Laraba aka bugo waya cewa mota na zuwa Asabar. Shi ya sa Radiyya, wadda ita ce ma'aikaciyar lantarkin magazan ɗin, ta zo yin awon ƙarshe.

Ta kwance murfin baya ta haska fitila. Tsohon naɗi ne, ya yi baƙi, an ɗaure shi da koren zaren kamun kifi. Fentin waje sabo ne, farantin lamba ma na ainihin inji na huɗu ne, amma cikin gawa ce. An ɗauke sabon, an ajiye mushe a gurbinsa an sa masa rigar mai rai.

Kafin azahar Laftanar Aka ya iso daga ofishin 'yan sanda, mutum mai ƙaramin jiki da ba ya ɗaga murya. Ya zagaya injin sau biyu, ya tambaye ta da Faransanci:

"Madam, ta ina tan ɗaya ke fita daga gidan nan?"

"Ƙofa ɗaya ce," in ji ta. "Ba abin da zai fita mai gadi bai gani ba."

Amsar ma'aikaciya ta bayar, ba ta nufi kowa ba. Sai da ta ga an riƙo hannun Ɗantani mai gadi sannan ta ji nauyin abin da bakinta ya faɗa. Ɗantani mutumin Tawa ne, shekara ashirin da biyu yana bakin wannan ƙofa, ko ƙusa ba a taɓa nema an rasa ba. Da aka tambaye shi, cewa ya yi, "Ban ga komai ba," bai ƙara ba bai rage ba. Aka sa shi a mota da carbinsa a hannu.

A can kan wani akwati Baba Harouna, mai kula da ajiya, na zaune ya zuba tagumi. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki, kuma duk Treichville an san inji bai taɓa lalacewa a hannunsa ba, shi ma ba ya gajiya da tuna wa mutane hakan. Shi ya koya wa Radiyya abin da makarantar fasaha ba ta koya mata ba: inji a ajiye kamar jinjiri ne, a ɗora shi kan katako kada ya sha sanyin ƙasa, a lulluɓe shi da tamfol ba leda ba don leda na sa shi gumi, a bar ɗan hitar da ke cikinsa a kunne saboda laimar Abidjan. Sannan duk Litinin ta farkon wata a juya sandarsa da hannu, zagaye goma da kwata, don kada boris ɗin da sandar ke gudu a kai ya lotsa wuri guda. In ya juya sai ya ja zane ɗaya da alli a gefen murfi, daidai inda sandar ta tsaya.

"Baba, yako," ta ce masa, irin jajen mutanen garin.

Ya gyaɗa kai bai dube ta ba. Ta ɗauka baƙin ciki ne, domin shi da Ɗantani buta ɗaya suke shan shayi tun ba a haifi ƙannenta ba.

Ranar Juma'a Laftanar ya dawo, ya nemi Radiyya ta zauna kusa don abin da ya shafi sana'a. Ya fara da Shamsuddin, direban motar ɗaga kaya, wanda ya shigo yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Kai kaɗai ke tuƙa ta?"

"Ni kaɗai, shef. Amma wallahi a je a gwada. Na huɗu yana tsakanin na uku da na biyar, bayansa bango. Motata ba ta shiga lungun nan, ko an shafa mata mai."

Aka gwada, ba ta shiga ba. Radiyya ta duba ƙasan sauran injinan, ƙurar da ke kewaye da katakonsu ba ta motsa ba. Ke nan ta sama aka ɗauke shi, da palan, wato sarƙar ɗaga kaya da ke gudu a kan ƙarfen rufi. Palan kuwa da kwaɗo ake kulle shi.

"Wa ke riƙe da makullin?" Laftanar ya tambaya.

Imrana ne, ɗan ƙanen Alhaji, mai zaman ofis da ƙamshin turare. Da ya shigo, Radiyya ta roƙi izini ta yi masa tambaya ɗaya.

"Imrana, a ina ake haɗa wayar hita?"

"Wace hita kuma? Ta ruwan wanka?"

Ba wasa yake ba. Shekara shida yana magazan ɗin bai san bambancin inji da janareta ba. Ga shi kuma tun Mayu babur ya karya masa ƙafa, bai dawo ba sai ƙarshen Yuli, da takardar asibiti. Radiyya ta auna injinan shida a ƙarshen Mayu duk lafiya, ƙurar da ke kan mushen kuwa ta kai ta wata biyu.

"Da kake kwance, wa ka bar wa makullin?"

"Baba Harouna."

Aka kira tsohon. Ya zauna ya haɗa hannuwa a kan gwiwa.

"Makullin yana hannunka?"

"A'a. A ƙusa nake rataye shi."

"Ƙusar ina?"

"Ta ɗakin mai gadi."

Laftanar ya rubuta, ya rufe littafinsa. A bakin ƙofa ya gaya wa Radiyya an ƙara wa Ɗantani kwana biyu a tsare, ranar Litinin da azahar za a miƙa shi kotu, daga nan kuma sai gidan yari kafin shari'a. Ta ji kamar ita ta rufe shi da hannunta.

Ta koma wurin mushen ita kaɗai. Abu na farko, jikinsa da ɗumi. An haɗa masa hita, haɗi mai kyau, har da naɗe bakin waya. Ɓarawon da ya zo neman abin sayarwa ba ya tsayawa ɗumama gawa. Na biyu, zanen alli bakwai ne a kansa kamar sauran, daga Fabrairu zuwa Agusta, sandarsa kuma ta tsaya daidai inda ta sauran biyar ta tsaya. Ta kwance ƙyallen mai da aka naɗe bakin sandar da shi, ta kama da hannu biyu ta juya. Gurus-gurus, kamar an zuba yashi a ciki.

Ta tuna ranar da Baba ya rufe mata ido da tafinsa ya ce ta juya, ya ce kunne na iya yin ƙarya amma hannu ba ya yi. Mutumin da ya koya mata wannan ya juya sandar nan a Yuli, ya juya a Agusta, bai ce uffan ba. Ta yi maza ta kore tunanin. Tsufa ne, ta gaya wa kanta, hannun ɗan shekara sittin da takwas ai ya fara mantuwa.

Saura koren zaren. Duk Abidjan mutum ɗaya ta sani da ke ɗaure naɗi da zaren kamun kifi. Da safiyar Asabar ta hau woro-woro, tasin haɗaka, ta tsallaka gada zuwa Adjamé, ta kutsa cikin cinkoson kasuwar Bromakoté, ta wuce masu sayar da garba, abincin rogo da kifi, da masu gyaran fanka, har rumfar Abdulbaqi mai naɗin inji.

"A'a, Madam anjiniya! Yau kin tuna da talakawa?"

"Tonton, wucewa nake na ce in gaishe ka. Ƙishi nake ji kamar me."

Ya fita nemo mata ruwan sanyi. Tun shigowarta ta hango abin a ƙuryar rumfa. Duk injinan wurin a ƙasa suke zube, cikin mai da ƙura, kamar yadda aka saba a rumfar Abdulbaqi. Guda ɗaya tak aka ɗora kan katako, aka lulluɓe da tamfol. Ta ɗaga gefe. Shuɗi ne, babu farantin lamba, ramuka huɗu kawai inda aka cire shi. Bakin sandar na naɗe da ƙyallen mai. Ta ƙirga zanen allin. Bakwai.

Ta saki tamfol ɗin kafin ya dawo. Ta sha ruwa, ta nuna da haɓa kamar ba komai.

"Wancan babba fa, tun yaushe yake nan?"

"Tun ƙarshen Yuni. Wayarsa muke jira daga waje, irinta babu a gari." Ya sosa ƙeya. "Mai shi ya ce kada a yi zancensa, kin san halin kliyan, masu kawo aiki."

Ba ta ƙara tambaya ba. Inji ya bar magazan a ƙarshen Yuni da zane biyar. Wani ya biyo shi har Adjamé ya ja na shida da na bakwai. A cikin woro-woro ta yi ta share ido, matar da ke gefenta ta yi mata yako ba ta san na mene ne ba.

Ta gaya wa Laftanar komai. Ya saurara, ya ce ganin injin bai wanke mai gadi ba, domin dai ta ƙofarsa aka fita da shi, kuma zanen alli ba sa hannu ba ne.

"Ka ba ni zuwa Litinin da safe," ta ce. "Litinin ɗin nan ita ce ta farkon wata."

Ranar Lahadi da la'asar ta je gidan tsohon, nan cikin Treichville. Ta samu Baba Harouna a ƙofar gida kan tabarma, ya rame cikin kwana uku kamar wanda ya tashi daga jinya. Ta durƙusa ta gaishe shi. So take ya faɗa da bakinsa, har addu'a ta yi a hanya.

"Baba, gobe da azahar za a kai Baba Ɗantani parke, gaban kotu. In ya shiga can, Allah kaɗai ya san ranar fitowa."

Ya daɗe yana kallon carbinsa. Leɓensa ya motsa sau biyu.

"Allah ya fid da shi, 'yata," ya ce.

Ta jira. Bai ƙara ba. Ta yi sallama ta tashi.

Litinin, ƙarfe bakwai saura kwata, Radiyya da Laftanar suna zaune a shagon mai kofi da ke fuskantar rumfar Abdulbaqi. Har cikin ranta fata take kada ya zo. Mai hankali ba zai zo ba, yana sane 'yan sanda na neman injin nan. Amma ƙarfe bakwai da minti biyar sai ga shi da farar hularsa, yana ratsa masu tura baro. Ya gaisa da Abdulbaqi, ya wuce ƙurya, ya yaye tamfol, ya kwance ƙyallen, ya yi bismillah ya kama sandar.

Suka tsallaka titi suka tsaya a bayansa. Radiyya ta bar shi ya cika goma da kwata. Ya zaro alli daga aljihu ya ja na takwas, sannan ya juyo.

Bai firgita ba. Ya dubi allin da ke hannunsa, ya dube ta.

"Na san za ki ji boris ɗin," ya ce. "Ni na koya miki."

"Baba, don me?"

Ya zauna a kan katakon. Cikin ruwan Yuni ne, in ji shi, ranar da aka wuni ana sheƙawa. Soket ɗin ɗakin mai gadi ya jiƙe, sai ya zare wayar hitar inji na huɗu ya sa butar shayi, da niyyar mayarwa in ruwa ya tafasa. Bai tuna ba sai bayan mako uku. Ga kwano na yoyo daidai kansa. Da ya ɗauki na'urar Radiyya a ɓoye ya auna, ya ga laima ta gama shiga.

"Da ka gaya mini, kwana huɗu za mu busar da shi," ta ce. "Kwana huɗu, Baba!"

"Shekara arba'in da ɗaya, Radiyya. In je in ce wa Alhaji na kashe injin mutane saboda shayi?"

Sai ya kira Abdulbaqi, ya ce masa umarnin Alhaji ne, a yi shiru kada masu kaya su ji. Abdulbaqi ya ba shi aron wani mushe mai girma ɗaya, aka yi masa fenti. A nan rumfar kuma, garin busarwa, wutar tanda ta yi yawa ta ƙone gefe guda na naɗin. Aikin mako ɗaya ya koma jiran waya daga waje. Ya yi lissafin zai mayar kafin Oktoba, ba wanda zai sani.

"Ƙofar fa?" Laftanar ya tambaya.

"Ranar Juma'a. Shekara ashirin muna yi. Shi ya tafi masallacin da ke tayar da salla da wuri, ni in riƙe masa ƙofa, in ya dawo in bi na baya. A cikin minti arba'in ɗin nan motar ta shiga ta fita. Ɗantani bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa muku."

Laftanar ya juyo wurin Radiyya, ya ce yana so ya ji yadda ta gane, don rahoto. Ta faɗa a taƙaice, ba ta kallon tsohon. Palan ya fitar da Shamsuddin. Karaya da rashin sani sun fitar da Imrana. Mushen da aka ɗumama ya nuna mata mai aikin ɗan sana'a ne, boris mai yashi ya nuna mata mai juya sandar ya sani ya yi shiru. Zane biyu na Adjamé kuwa mutum ɗaya ne a duniya zai hau mota ya tsallaka gada don ya ja su.

"Ya iya barin injin a hannun wani, amma bai iya barin sandarsa ta kwana wata biyu a wuri ɗaya ba," ta ce.

Laftanar ya ce laifi ne, cin amanar ajiya da sauya lamba, sai dai a ga abin da Alhaji da masu kaya za su ce. Bai sa masa ankwa ba. Baba Harouna ya roƙi a bar shi ya mayar da ƙyallen mai, ya ɗaure shi tsaf, ya ja tamfol.

Ƙarfe sha ɗaya aka saki Ɗantani. Radiyya na jiransa a waje da ruwa da burodi. Ta durƙusa a gaban mutane.

"Baba Ɗantani, ka yafe mini. Bakina ne ya kawo ka nan."

"Tashi, 'yata. Ke abin da kika sani kika faɗa." Ya kurɓi ruwan. "Harouna ne ko?"

Ta ɗago da sauri. "Ka sani?"

"Ranar da na dawo masallaci na ga sawun babbar mota a laka. Na tambaye shi ya ce ba komai. Da aka buɗe injin nan ranar Alhamis na haɗa."

"To don me ba ka faɗa ba? Kwana huɗu kana kwance a siminti!"

"Shayin nan ai tare muka sha," in ji shi. "Na ce bari in ba shi lokaci ya zo da ƙafarsa. Mutum mai girman kai sai an yi masa haƙuri." Ya murza idanunsa da suka yi ja. "Duk takun da na ji a barandar nan sai in gyara zama, in ce ga Harouna. Har yau da safe ina cewa ga Harouna."

Radiyya ba ta so ta faɗa masa inda Baba Harouna ya je da sassafe ba, amma ya tambaya a ina aka same shi, ta kuwa gaya masa.

Ɗantani ya ajiye ruwan a ƙasa.

"Ashe ya iya tsallaka gada don inji," ya ce a hankali.

Tare suka koma magazan. Alhaji Musbahu ya fito da kansa yana ba da haƙuri, yana cewa a koma aiki, komai ya wuce. Ɗantani ya gode masa da ladabi. Ya shiga ɗakin gadi ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki rediyonsa da bargo. Makullin palan na rataye a ƙusa, ya ciro ya miƙa wa Radiyya. Butar shayin tana kan benci da kofuna biyu a kife. Ya ɗauki kofi ɗaya ya sa a jaka, ya bar butar da ɗayan, ya fita ta ƙofar da ya tsare shekara ashirin da biyu.

Radiyya ta shiga ciki. An ɗage ɗaukar kaya, injinan biyar na jere ƙarƙashin tamfol, kuma Litinin ce ta farkon wata. Ta nemi alli a akwatin Baba ba ta samu ba, sai ta tuna yana aljihunsa. Ta kama sandar na farko ta fara juyawa, tana ƙirgawa a fili yadda ya koya mata, hawaye na sauka a kan ƙyallen mai.